Mu Ne Sauransu

Muryar jikata ce ta fama min wannan tsohon miki. Ina zaune a ƙofar kicin a gidanmu na Sabon Tasha ina wanke acca, ita kuma tana haddar aikin makaranta da ƙarfi, wai a kan mutanen wata ƙasa mai duwatsu, Afganistan. Fashtun ne suka fi yawa, in ji ta, sai Tajik, sai Hazara, sai Uzbek, da sauransu. Manyan harsunansu biyu, Fashto da Dari, amma da Dari ƙabilu suka fi jin juna, kamar yadda muke yi da Hausa.

Na ce, "Tsaya. Su wane ne sauransu?"

"Kaka, ƙananan yaruka ne na kan dutse. Ba za su fito a jarrabawa ba."

Jama'a, ban yi boko ba, ban san inda ƙasar nan take ba. Amma waɗannan mutanen na san su. Mu ne.

Ni ma a kan dutse aka haife ni. Lokacin girbi gidanmu duk ƙamshin sabuwar acca ne, kuma kakata ta wajen uba tana da doka: ba ta miƙa wa yaro kwano sai ya kira abin da ke ciki da yarenmu. Acca kaɗai suna huɗu gare ta a wurinmu: tana gona, an sussuke, an surfe, an dafa. Ka kuskure, kwano ya koma bayanta, fuska ba dariya. Na sha kuka. Na sha kiranta muguwa a zuciyata.

Sai babana ya sami aiki a masaƙa, muka sauko Kakuri a Kaduna, gidan haya cike da mutanen Binuwai da Filato. Ranar farko uwata ta kira ni a bakin famfo da yarenmu, matan gidan suka kwashe da dariya, wata har da kwaikwayon muryarta. Babana ya tara mu, ya ce, "Daga yau Hausa. Wanda ya yi yare a tsakar gidan nan zai gamu da ni."

Da kakata ta zo ganinmu, ta riƙe kwano tana jiran ƙanwata ta faɗi sunan. Ƙanwata ta ce, "Acca." Tsohuwa ta ajiye kwanon a ƙasa. Washegari ta koma dutse, ba ta sake taka Kaduna ba.

Na daɗe ina jin haushin babana. Yau haushin kaina nake ji. Ni wa ya hana ni? Ba wanda ya tsaya a kaina da bulala, amma da Hausa na goyi 'ya'yana, su kuma suka goyi nasu da Turanci. Ina wanke accar nan ina lalubar sunayen huɗu, na ukun ya ɓace min, kuma duk wanda zan tambaya yana kabari. Ga yarinya tana jero ƙabilun ƙasar da ba ta taɓa gani ba, ba ta iya ko gaisuwa da bakin kakanninta ba!

Da gwaten accar ya nuna, jikata ta zo ta miƙo hannu, idonta na kan waya. Na mai da kwanon bayana.

"Kaka, yunwa fa nake ji!"

Na faɗi sunan, na huɗun. Na ce, "Maimaita."

Ta murguɗa baki, ta faɗa a karkace. Na ce sake. Sai a karo na uku na miƙa mata, ta tafi tana gunaguni. Na san abin da take kirana a zuciyarta. Ta yi ta kira. Sunaye uku suka rage min, kuma ba zan shiga kabari da su ni kaɗai ba.