Kwana Biyu a Legas da Suka Raba Mana Gona

Ƙanena guda ɗaya ne a duniya wanda muka sha nono ɗaya da shi, kuma ni na goya shi har ƙafarsa ta fara jan ƙasa. Da iyayenmu suka rasu, abin da suka bar mana gona ce guda a Fammar, can ƙasar Kibiya. Ba mu raba ta ba, domin mahaifiyarmu ta roƙe mu kada a ja igiya a cikinta muddin muna numfashi. Ni ina aure a Rano, ni nake zuwa duba 'yan ƙwadago da damina. Shi kuma yana da manyan motoci biyu na dakon hatsi zuwa Kudu, shi yake kwashe amfanin gonar da kaka ya sayar. Shekara goma sha ɗaya muna haka, ko musu ba mu taɓa yi a kanta ba.

Dawa kaura muke nomawa, irin mahaifinmu, mai manyan ƙwaya ruwan ɗorawa. Ni kuma sana'ata kunun zaƙi, kuma ba zan yi ƙaryar kawaici ba, a unguwarmu babu mai yin irin nawa. Ba sukari nake laftawa ba kamar matan yanzu. Tsiro nake yi yadda mahaifiyarmu ta koya mini: a jiƙa dawa, a baza ta a buhu, a riƙa yayyafa ruwa har ta tofo, a shanya, a niƙa. Zaƙin daga nan yake fitowa. Idan akwai ƙofar da za a shigo mini ta ita, to ta yabon tsirona ce, kuma ƙanena ya fi kowa sanin haka.

Wata Talata ya zo gidana, ya zauna a bakin tabarma yana ta murza makullin mota.

"Yaya, ki shirya ranar Juma'a. Legas zan kai ki, ki ga teku, ki ci abincin da ba ki taɓa ci ba. A jirgi za mu je."

"Ni da ko Kano sai da dalili? Me na yi maka?"

"Masu sayen dawarmu ne tsiro yake ba su wahala, abin sha suke yi da shi. Na ce musu ina da yaya da ba a haifi kamarta ba a wannan aikin. Sun ce lallai sai sun gan ki."

An ce banza ba ta kai zomo kasuwa, na san maganar tun ina yarinya, amma ranar ban tuna da ita ba. Ban tambaye shi wane irin abin sha ba ne. Kaina ya kumbura, na nemi izinin maigidana, na ɗauko atamfar da nake ajiya don biki.

Legas ba ta burge ni ba, kuma har gobe ba za ta burge ni ba. Muna sauka wani zafi mai danshi ya lulluɓe ni, ko'ina a jikina yana danƙo. Muka shafe awa biyu a mota a tafiyar da ba ta kai Rano zuwa Kibiya ba, kowa yana danna oda kamar an yi masa sata. Da la'asar ya kai ni bakin teku. Ruwa ne dai, mai yawa, mai ƙarni, ba ya shayar da gona, ba ya shayar da dabba, sai haushi yake yi wa ƙasa. Mutane rabinsu tsirara suna tsalle a ciki. Na ja mayafina na ce masa na gani, mu tafi.

Sai abinci. Ya kai ni wata rumfa mai kujerun kara, aka jera mana kwanuka. Ga ƙaguwa da ƙafafunta duka, tana kallona. Ga jatan lande da gashin bakinsa. Ga dodon koɗi, abin da muke shurewa da ƙafa a fadama, an soya shi da barkono an kawo wa babban mutum. Ƙanena ya naɗe hannun riga yana fasa ƙaguwa yana tsotsa, manja yana bin gemunsa.

"Yaya, ɗanɗana mana. Wallahi akwai daɗi."

"Kai da ko kifin rafi sai na cire maka ƙaya? Yaushe ka koyi cin ƙwari?"

Ya yi dariya har da buga tebur. Na ci soyayyiyar ayaba da ɗan gasasshen kifi, shi ma don kada a ce na raina. Amma na lura da wani abu: duk yinin nan bai yarda ya yi shiru ba. Da na buɗe baki zan tambayi mutanen da za mu gani gobe, sai ya nuna mini wani dogon gini ko wani jirgin ruwa.

Asabar da hantsi muka je. Wani tsohon sito ne da aka yi wa fenti, ta ƙofar baya muka shiga, inda ake sauke buhuna. Mai wurin mace ce, Bayarabiya, ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Ta durƙusa ta gaishe ni har ƙasa, abin da 'ya'yan maƙwabtana ba sa yi. Ba ta jin Hausa, ni kuma Turancina bai wuce na karanta takardar asibiti ba, don haka ƙanena ne tafinta.

Ta kai ni wani ɗaki mai faɗi, ga kaurarmu nan a baje a ƙasa. Ko a cikin dubu zan gane ta. Amma an wulaƙanta ta. Sun tara ta da kauri ta yi zafi, funfuna ta fara cin gefe, warin ruɓa yana tashi. Raina ya ɓaci kamar na tarar da ɗana cikin tsumma a gidan wani.

Mu a gidanmu mace ba ta ganin aiki yana lalacewa ta tsaya tambayar na wane ne. Idan kin shiga gidan suna kin ga tuwo zai yi gudaji, muciya kike karɓa, gaisuwa ta biyo baya. Na tuɓe takalmi, na ɗaure mayafi a ƙugu, na shiga. Na ɗauki ƙwaya na ciza na nuna mata cikinta fari fat, alamar ba ta sha ruwa ba. Na sa aka baza ta sirara, kaurin yatsa uku. Na ce a riƙa juyawa safe da yamma, da hannu, ba da shebur ba. Sannan na ce a samo mini toka.

Tokar nan ita ce asirin mahaifiyarmu, ko matan unguwarmu da suke ta bugun cikina shekara da shekaru ban taɓa faɗa musu ba. Ana tace tokar itace a ruwan jiƙon farko, ita ke hana funfuna, ita ke kashe ɗacin ɓawo. Aka aika wajen masu gasa kifi aka samo. Na tace da hannuna, na nuna mata yawan da ake zubawa, tana rubutawa a littafi, wani ma'aikacinta yana ɗauka a waya. Ƙanena yana tsaye a gefe yana cewa, "Ai na gaya muku." Da na gama, na ɗaga hannu na yi addu'a Allah ya sa wa aikin albarka, ya kawo kasuwa. Ya shafa tare da ni. Wannan shafawar ita ce abin da har yau na kasa haɗiyewa.

Azahar ta yi, na ce zan yi alwala. Ƙanena ya fita amsa waya, sai wata ma'aikaciya ta nuna mini wani lungu da hannu. Na bi lungun, na tura ƙofar da ke ƙarshensa.

Hancina ne ya fara gaya mini. Ina yarinya, idan an aike mu ƙauye, akwai wata unguwar Maguzawa da muke ratsawa, kuma ranar da suke dafa burkutu tun daga nesa ake jin tsamin. Shi ne wannan, sai dai an wanke shi an sa masa tufafi. Ga wasu manyan tukwanen ƙarfe masu ƙyalli, kowacce ta fi ni tsawo. Gaba da su kuma wani zaure ne cike da mutane, maza da mata, da rana tsaka. An jera wa kowa ƙananan kofuna biyar a kan katako, wani ja, wani baƙi, wani ruwan zuma, duk da kumfa. Suna shinshinawa, suna kurɓa, suna gyaɗa kai kamar masu sauraron karatu. A jikin kwalaben an zana zangarniyar dawa.

Ban yi ihu ba. Na koma na sami ƙanena a wajen buhuna, na tsaya a gabansa.

"Giya ce."

Ya cire wayar daga kunne. "Yaya, bari in yi miki bayani."

"Tambayarka nake, giya ce ko ba giya ba ce?"

"Ni dawa na sayar. Abin da mutum ya yi da ita bayan ta bar hannuna, tsakaninsa da Allahnsa. Kin san inda hatsin kasuwar Rano yake ƙarewa? Kin taɓa bin buhu?"

"Ban taɓa bi ba. Kai ka bi, ka gani, ka dawo ka ɗauko ni."

"Shekara huɗu suna saye, babu mai ba mu daraja irin tasu. Da tsiron ya ci gaba da lalacewa, wata dawar za su koma. Gonar nake ceto mana."

"Shekara huɗu! Kana zuwa gidana kana cin tuwona, kana kallon idona? Ka sa na zuba tokar Inna a tukunyar giya, na yi addu'a ka ce amin. Kai ko kunyar kabarinta ba ka ji ba?"

"Da na faɗa miki ai ba za ki zo ba."

"To ashe ka sani."

Mai wurin ta fito tana kallonmu, fuskarta duk ta rikice. Ita ban riƙe ta da komai ba. Sana'arta take yi a garinsu, a fili, da allo a ƙofar gaba, kuma na tabbata ta ɗauka na sani. Wanda ya zagaya da ni ta ƙofar baya shi ne nawa. Na sa takalmina, na ce ya mayar da ni masauki. Da yamma ya turo a kawo mini shinkafa da kaza, na ce a mayar masa. Ranar Lahadi muka zauna kusa da juna a jirgi, na juya masa ƙeya har Kano.

Na ba shi zaɓi, kada a ce ban ba shi ba. Na aika masa kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, cewa ya daina kai musu dawar gonar, magana ta wuce. Ƙanena ya ce shi ba yaro ba ne, rabin gonar nasa ne, kuma ya riga ya yi alkawari da mutane. Kawu ya dawo yana ba ni haƙuri, wai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce, "Kawu, ban ce a yanke ba. Cewa na yi a ja igiya." Ya tuna mini da roƙon mahaifiyarmu. Na ce na tuna, kwana uku ina kuka a kansa, amma ba zan ci tuwon da na san inda sauran buhun ya tafi ba. Kuma tunda maganar gado ta taso, rabin da yake faɗa ma ba rabi ba ne, kashi biyu ne nasa, ɗaya nawa. Na sani sarai, na yarda.

Bayan an cire amfanin gona aka taru: mai unguwa, liman, kawu da dattawa biyu. Aka auna da igiya, aka kafa duwatsu, aka ce da damina a dasa gamba a kan iyakar. Bishiyar ɗorawar da muke cin abinci a ƙarƙashinta muna yara ta faɗa ɓangarensa. Na sa hannu a takarda. Mutane suka yi ta magana a Fammar, wasu suka ce na cika zafin kai, wasu suka ce na yi daidai. Duka ɓangarorin biyu haushi suke ba ni, domin babu wanda aka raba da ɗan'uwansa a cikinsu.

Har yanzu ina fushi da shi, ba na ɓoyewa. Kuma har yanzu idan na ji ƙarar babbar mota a layinmu sai na ɗaga kai.

Damina biyu ke nan. Bara, ranar da muke yankan dawa, na ɗago sai na hango shi a nasa ɓangaren, ana loda masa mota. Gambar ta yi tsawo, ta kai ƙirji. Ya tako har bakinta ya tsaya. Na ga ya rame, furfura ta fito masa a gemu, kuma saura kaɗan in tambaye shi ko yana cin abinci. Ya cire hula ya mayar, ya gyara murya.

"Hajiya, barka da aiki."

Na daɗe riƙe da lauje ina kallonsa. 'Yan ƙwadago sun tsaya da yanka suna jira.

Na ce, "Barka kadai, Alhaji."