Uwar Rumbu, wadda ta ce a dakata

Ƙarfe bakwai da rabi take isowa, ta sauka matakala zuwa ɗakin nan mai sanyi marar taga, inda manyan kwamfutocin asibitinmu, waɗanda ake kira saba, suke ta gurnani. Kafin ta ajiye jaka sai ta duba ko kwafin bayanan jiya ya kammala, ta buɗe fayil ɗaya da hannunta don ta tabbatar. Shekara ashirin da biyu ke nan tana haka. Uwar Rumbu muke ce mata, domin rumbun bayanan marasa lafiya a hannunta yake: nau'in jinin kowa, aikin da aka taɓa yi masa, da maganin da jikinsa ba ya karɓa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba zan ɓoye ba, na daɗe ina jin haushinta. Ko me ka kawo mata, sai ta gyara tabarau ta ce, "Bari in karanta tukuna." Mace kamar an haife ta da jan biro a hannu.

Bara aka sayo manhajar da za ta riƙa kula da saba da kanta, ta sabunta su, ta gyara ƙananan matsaloli ba sai an kira kowa ba. Ita ma tana buƙatar rumbun da za ta riƙa ajiye nata bayanan. Ranar Litinin ɗan kwangilar da zai girka ta ya zo da gaggawarsa.

"Anti, ai ga rumbu nan a shirye," in ji shi. "Ba ni babban mabuɗi, kafin ƙarfe biyu na gama."

Ta miƙa masa takardar sharuɗɗan manhajar, duk ta sha jan layi. An nemi rumbu na daban wanda babu komai a ciki, sabon samfuri, da mabuɗin da iyakarsa wannan rumbun, da isasshen wuri.

"Abu huɗu suka nema, ƙanena. Wurin kaɗai muke da shi."

Shugaban asibiti da kansa ya sauko, ya ce an riga an sa ranar nuna wa baƙi.

"Ranka ya daɗe, ba ni kwana uku," ta ce. "In ɓata lokaci na yi, ka rubuta mini takardar gargaɗi, zan sa hannu."

Ranar Talata aka kawo maigidana a sume daga wurin aikinsa. Ina ɗakin tiyata, wayata a kashe. Likita har ya zuƙo allura, sai ya buɗe fayil ɗinsa, ya ga an rubuta cewa wannan maganin ya taɓa toshe masa numfashi. Ya canja wani. Na gode wa likita har da kuka, Uwar Rumbu kuwa ko tunawa da ita ban yi ba.

Ranar Alhamis na sauka ɗakinta don ƙorafin kwamfutarmu, na tarar ta zuba kwafin rumbun a wata tsohuwar na'ura, ta ce ɗan kwangila ya yi yadda ya so yi ranar Litinin. Ya girka. Da aka buɗe rumbun, wayam. Ashe manhajar duk rumbun da aka ba ta nata take ɗaukarsa, sai ta share shi tas kafin ta zauna. Shugaba, da yake tsaye a wurin, ya tambaya, da ainihin rumbun ne, kwana nawa za a yi kafin a dawo da shi.

"Biyu," ta ce. Sannan ta jawo wa ɗan kwangila kujera. "Zauna mu gina mata nata."

Na tsaya ina ƙirgawa da yatsu, Litinin, Talata. Talatar da aka kawo maigidana ke nan. Na zauna a kan wani kwali.

Yaya, ke ce kika yarda a kira ki mai taurin kai don kada likita ya buɗe fayil ya tarar babu komai. Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki, kuma yawancin waɗanda kika tsare ba su san akwai ɗakin ƙasa ba. Na gode, kuma ki yafe mini gunagunin da na yi ta yi. Ku da kuke girka irin waɗannan abubuwa, ku karanta sharuɗɗa kafin ku danna, ku kuma saurari mai cewa a dakata.

Maigidana ya ce in gaishe ki. Yana nan da ransa, yana ta mitar wai na cika surutu.