Amalanken Kara

Cikin fari na ɗiyata a hanyar Sabon Birni muka rasa shi, tana zaune bayan babur ɗina. Da na biyu ya tsufa, ungozomar unguwarmu ta ce a asibiti za a haihu, ba gardama. Ga damina, mota ba ta shigowa garinmu Tsamaye.

Na je wurin mai walda, abokina tun muna yara, na ce ya ƙera mini amalanken da babur zai ja da mutum a ciki. Ƙarfen da nake da shi na tsohon gado ne, ba wani.

Ya ce, "In na yanka ba daidai ba, da ƙashinka za ni cika? Kawo karan dawa mu fara gwadawa da shi."

Muka ɗaure kara da igiyar kaba, girmansa na gaske. Ni na san faɗin turba da inda yashi ke riƙe taya, shi ya san inda nauyi zai zauna. Na kwanta ƙasa ya auna tsawona, muka yi rufi daidai hancina, muka lulluɓe da tabarma saboda rana. Mu dai ya yi mana kyau.

Muka ɗauka a kafaɗa, shi gaba ni baya, za mu nuna wa ungozoma. A bakin masallaci dattawa suka miƙe tsaye suna salati. Wani ya ce, "Wa ya rasu?"

Sai na dubi abin da muka ɗauko. Makara muka yi, ba mu sani ba.

Ungozoma ba ta ko yi dariya ba. Ta ce, "Ku biyun nan wa ya taɓa naƙuda? Wace mace za ta shiga wannan da ranta?"

"To Inna, gyara mana."

Ta fizge tabarmar, ta karya rufin da hannu. Ta shiga tsakiya ta durƙusa, tsohuwa da ita, ta ce, "Haka ake yi, ba a miƙewa kamar gawa. Nan a sa abin riƙewa. Ni kuma ina za ni zauna, bisa kanka?"

Mai walda ya ce faɗin zai yi yawa. Na ce turbar gonaki ba za ta ɗauka ba. Muka rage tsawo, muka ƙara tsayi, muka mayar da mazaunin Inna baya. Mun karya mun ɗaure har kara ya ƙare, na ciro daga dangar gidana. Sai da ta ce ya yi, sannan aka taɓa ƙarfe.

Wata rana da hantsi naƙudar ta taso. Na tuƙa a hankali, ina jin muryar ɗiyata a bayana, ina jin Inna tana yi mata faɗa. Muka isa asibiti.

Na zauna gindin dogonyaro. Can wata ma'aikaciya ta fito ta ce an samu mace.

Na ce, "Uwar fa?"

Ta ce, "Baba, kunu take nema."