Maiwada, Karensa da Ƴan Awakin Tudun Gawo

Kafin Maiwada ya gaida mutum da safe, sai ya gaida ƙasa. Yana idar da sallar asuba a masallacin Tudun Gawo, wani ɗan ƙauye a ƙasar Yekuwa, sai ya ɗauki sanda ya nufi garke, ya zagaye shingen ƙaya kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Sawu yake dubawa. Na bushiya ya sani, na muzuru ya sani, na dila kuwa bai taɓa ɓace masa ba. In ya gama da sawun dabbobi sai ya koma kan na mutane, domin a wurinsa duk takalmin da ya matso kusa da garke akwai magana a bakinsa. Ka ce masa, "Ina kwana, Baba?" sai ya dube ka sama da ƙasa tukuna, sannan ya ce, "Lafiya lau. Me ya biyo da kai ta nan?"

Bana ya ajiye sanda, don yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya miƙa kiwon ga Rabilu, ɗan ƙanensa, wanda shi ma magidanci ne mai iyali. Tun mutanen da suke aurar da ƴaƴa yanzu suna yara, Maiwada ke tara awaki da tumakin gari da damina, lokacin da gero ya kewaye ko'ina kuma babu wanda zai yarda akuyar maƙwabci ta leƙa gonarsa. Dajin da ya rage ɗan kaɗan ne, diloli kuma sun san hakan sarai, a nan suke jira.

Shi kuwa da mataimakansa yake jiransu. Tun kwikwiyo bai buɗe ido ba yake karɓo shi, ya riƙe akuya mai shayarwa ya sa shi ya tsotsa, tana harbi yana lallashinta. A garke kwikwiyon zai kwana, ya tashi yana warin awaki, har ya girma yana ganin shi ma ɗan akuya ne da Allah Ya hore wa haushi. Yakan saka jaka, wato macen jaki, guda a cikin bisashen, guda tak, don ya ce in suka zama biyu hira za su yi su manta da aikin. Zabi kuma suna bisa gawo, ko inuwar shaho ta gitta sai sun tada gari. Doka ɗaya ce ba ya wasa da ita: karen kiwo ba ya cin abinci sai a cikin garke, kuma daga hannu ɗaya. Yaro ya jefa wa karensa ƙashi, ranar uban yaron zai sha magana.

Ba za a ce mutanen gari sun ƙaunace shi ba. Suna so awakinsu su kwana lafiya, amma ba sa so rigarsa ta gogi tasu a sahun salla, ko da sun san ya fi su wanke-wanke. "Mai karnuka" suke ce masa a bayan ido. Shi ma bai bar su da bashi ba, kowa a garin ya taɓa shiga cikin waɗanda yake zargi, har da liman. Kai ne, Maiwada, makiyayin da ba a gode wa sai ranar da aka rasa abin ƙorafi. Mun san ba ka son yabo, kana jin wannan ma za ka tambayi wanda ya sa aka rubuta.

Akwai wata damina da duk wanda ya isa hankali a Tudun Gawo yake tunawa. A lokacin yana da wani jan kare mai suna Ƙyalesu, wanda shi kansa ya ce bai taɓa renon irinsa ba. Da azahar Maiwada kan kora manyan bisashe zuwa tabki tare da jakar, ya bar ƙananan ƴan awaki a cikin shinge, can bakin gonaki, Ƙyalesu yana gadinsu har magariba. Sai aka fara rasa su. Yau ɗan akuyar Alkasim mai shago, bayan kwana kaɗan na wata bazawara, sannan na Alkasim kuma. Ba wanda ya ji kare ya yi haushi. Sawu ma babu, don kafin Maiwada ya duba, garken da ya dawo da magariba ya riga ya tattake ko'ina.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, karen ya fara ƙiba. Gashinsa yana sheƙi, haƙarƙarinsa sun ɓuya, kunun dusar da ake dama masa kuwa sai ya sunsuna ya juya baya.

Alkasim ya tare Maiwada a bakin rijiya, mata na jin su. Ya ce, "Yaya Maiwada, ni fa ba yaro ba ne. Kare bai yi haushi ba, kare ya bar cin dusa, kare yana ƙiba, bisashena suna ƙarewa. Wane malami zan nema ya fassara mini wannan?"

"Wa ya ce maka ya bar cin dusa?" in ji Maiwada. "Leƙen garkena kake yi ke nan?"

Ya faɗi haka ne don kada a ga rauninsa. Ya san karen da ya ɗanɗana naman abin da yake gadi ba ya tuba, kuma ba shi da magani sai kashewa. Ya buɗe bakin Ƙyalesu ya duba tsakanin haƙora, bai ga komai ba. Washegari ya bi bayan shinge ya sa tsinke ya tona kashin karen, yana neman gashin akuya. Ɓawon wake ya gani. Shi kuwa tunda yake bai taɓa ba karensa wake ba.

To, wani ne yake ciyar da shi. Nan zargin Maiwada ya samu wurin zama. Ya zargi dillalan da ke wucewa a kan babur zuwa iyaka. Ya zargi mahaucin Yekuwa da ya cika yi masa fara'a. Ya zargi Alkasim kansa, ya ce wataƙila shi ke kwashe kayansa yana kuka don a biya shi. Har matarsa shi Maiwada sai da ya buɗe wa tukunya ya ga ko wake ta dafa. Ana cikin haka mai gari ya aiko masa cewa gobe da hantsi a hallara a ƙofar gidansa, kuma Alkasim ya riga ya sayo guba.

Ranar bai je tabki ba. Ya roƙi Rabilu ya kora masa bisashen, shi kuma ya shige cikin gero ya tsuguna inda yake hangen shinge. Ƙyalesu yana kwance a bakin ƙofa, kunnuwa a tsaye, ba abin da za ka kushe. Ladan yana kiran la'asar sai karen ya miƙe, ya yi miƙa, ya bi wata ƴar siririyar hanya a cikin gero ba tare da ya waiwaya ba. Maiwada ya bi shi a hankali, sanda a hannu, yana tanadin abin da zai yi wa ɓarawon.

Hanyar ta ɓulle bayan dangar gidan ƙarshe na gari, gidan Inna Hinda, tsohuwar da ta yi ƙawance da mahaifiyar Maiwada. Idonta ya yi rauni, kunnenta ma haka. Ɗanta guda, Isufu, ya tafi arewa neman aiki ta hanyar Agadas, ya kira sau ɗaya daga bakin hamada, daga nan ba a sake jin muryarsa ba. Ya bar ta da matarsa Saliha da ƴaƴa ƙanana. Ga Inna Hinda nan zaune a kan turmi, ta ajiye kasko biyu a gabanta, ɗaya ruwa, ɗaya ƙanzon tuwo da sauran wake. Karen yana lasa tana yi masa magana.

"Sha, bawan Allah, sha. Na ji malam a rediyo ya ce an gafarta wa wani don ya shayar da irinka. Ni ba gafarar kaɗai nake nema ba. Yadda na ba ka, Allah Ya sa wani ya ba Isufu, ko a ina yake."

Maiwada ya daɗe a tsaye, gero yana kare shi. Tausayi ya kama shi, haushi ya kama shi, ya rasa wanda zai bi. Daga baya ya juya ya koma da sauri, ya iske dila ya riga ya tura kai ta ƙarƙashin ƙaya. Ya wurga masa sanda, dilan ya arce. Yanzu ya san komai, kuma sanin bai sauƙaƙa masa komai ba.

Washegari da hantsi maza suka cika ƙofar gidan mai gari. Alkasim ya ajiye ƙunshin gubar a kan tabarma inda kowa zai gani. Mai gari ya ce, "Maiwada, ka ji abin da jama'a ke faɗi. Karenka ne ke cin su?"

"Ranka ya daɗe, dila ne. Jiya na gan shi da idona. Karen yana barin wurin da la'asar, shi kuma ya shigo."

"Ina yake zuwa?"

"Na sani."

"To faɗa mana."

"Ba zan faɗa ba, ranka ya daɗe."

Wuri ya kaure da surutu. Maiwada ya san mutanensa. In ya ambaci sunan Inna Hinda, ba wanda zai ɗaga mata hannu, amma kafin azahar mata sun kai mata labari, masu asara sun tsaya a ƙofarta, gidan da ba namiji a cikinsa. Abin da ya fi wannan, za ta san sadakar da take aika wa ɗanta ita ce ta cinye dukiyar maƙwabta. In kuma ya yi shiru bai kawo wata mafita ba, Ƙyalesu ba zai kai la'asar ba.

Alkasim ya ce, "Ni na san inda yake zuwa. Bin ubangidansa yake yi hanyar kasuwar Sassumbrum. Dila mai ƙafa biyu ne ke damunmu."

Maiwada ya haɗiye wannan. Ya ce, "Ranka ya daɗe, duk wanda ya rasa ɗan akuya ya zo ya zaɓa daga cikin nawa. Abu biyu nake roƙo. A bar mini karena. Sannan a yarda in ɗauke shingen ƙananan in mai da shi bayan gidan Inna Hinda, in ta amince. In aka ƙara rasa ko ɗaya, ni da hannuna zan ba shi gubar."

"Me ya sa can?"

"Akwai inuwa."

Aka aika aka tambayi tsohuwar, ta ce maraba, ai za ta samu abokan hira. Kafin rana ta faɗi Maiwada ya ja ƙaya ya kafa shinge, ƙofarsa tana kallon turmin da take zama. Tun daga ranar Ƙyalesu yake shan ruwan Inna yana kallon ƴan awakinsa. Dokar hannu ɗaya da Maiwada ya yi shekaru yana faɗa da mutane a kanta, shi da kansa ya karya ta, bai gaya wa kowa ba. Ba a sake rasa ko ɗaya ba.

Kada ku ɗauka an gode masa. Mutane suka ce, "Da bai ci ba, zai biya?" Da asarar ta tsaya kuwa sai suka ce ai ga shi nan, an ritsa shi ya daina. Wasu suka janye bisashensu daga hannunsa damina biyu. In ya je kasuwa da akuya, sai an tambaye shi ta wace ce. Mutumin da ya saba zargin gari duka, sai ga gari duka yana zarginsa, kuma maganar da za ta wanke shi tana bakinsa kullum. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, matarsa ta ce har abinci ya rage ci. Ƙyalesu ya tsufa ya mutu a bakin aikinsa. Inna Hinda ta rasu da ranin bara. Isufu har yau ba labari.

Ranar da Maiwada ya miƙa wa Rabilu sanda a gaban mai gari, ana shirin shafa fatiha, sai aka ji muryar mace daga bayan zana. Saliha ce. Ta ce a gafarce ta, tana da magana. Ranar da Maiwada ya bi karen, tana cikin gona tana tsinkar tafasa, ta gan shi a tsaye, ta ji abin da ya ji. Tsoro ya hana ta magana, don ba ta da abin biya. Ta zayyana komai. Alkasim ya sunkuyar da kai, ya cire hula ya riƙe a hannu.

Maiwada ya juya wajen zanar. Ya ce, "Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, Baba."

Sannan ya tambaya, a hankali, "Ita Inna, kin taɓa gaya mata?"

"Wallahi ba ta sani ba har ta koma."

"To alhamdulillahi," in ji shi. "Malam, shafa mana fatiha."

Kai ne, Maiwada, wanda ya ba da sunansa don tsohuwa ta ci gaba da sadakarta. Mun gode da awakin da suka kwana lafiya, mun gode da shirun da ka yi lokacin da magana ta fi sauƙi, kuma muna jin kunyar abin da muka ce a kanka. Allah Ya ba ka lafiyar ido, Ya saka maka da abin da ya fi godiyarmu. Ku kuma masu kiwo da masu ba da kiwo, daga Magariya har Dungas, ku koyi bin diddigi irin nasa kafin ku yanke wa dabba ko mutum hukunci, kuma in kun gano gaskiya ku duba wanda za ta faɗa wa a ka kafin ku sake ta. Inna Hinda ta tafi tana da yaƙinin ruwan da ta bayar bai cuci kowa ba, kuma Maiwada ne ya biya mata wannan.