Taɓarya ta Biyu

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma tunda nake ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba. Haka al'adarmu take, uwa tana kunyar ɗanta na fari. In tana nemana sai ta ce, "Ina wannan?" Autanmu kuwa sunansa a bakinta yake safe da yamma. Na san dalili, amma sanin bai taɓa hana ni jin abin a raina ba.

A unguwar Karantina ta birnin Jidda aka haife mu duka. Ni na kama gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Sa'alaba tun ina saurayi, karatun ma sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin manya. Autan shi ya yi makaranta, daga baya ya haɗu da wasu samari masu kiɗan rok, Larabawa biyu da wani ɗan Indiya haifaffen Jidda, ya zama mai kaɗa musu ganguna. A lokacin ba a yin irin wannan kiɗa a fili, sai su yi hayar istiraha, wato gidan shaƙatawa, a bayan gari su rufe ƙofa. Na taɓa zuwa na gyara musu mukayyif, na wuni kunnena yana ƙara.

Wata Juma'a bayan mun ci abinci ƙanen nawa ya zauna gaban Inna, yana haɗa Hausa da Larabci kamar yadda ya saba. Ya ce suna haɗa sabuwar waƙa da ta fi duk na baya nauyi, kuma yana so ta fara da lugude. Wai shi ne kiɗan farko da ya sani a duniya, yana goye a bayanta tana daka, yana jin bugun a ƙirjinsa. Inna ta yi dariya har da share ido. Ta ce ta bar daka tun da inji ya zo unguwa, kuma ai ba a lugude da taɓarya ɗaya. Matan maƙwabta kuwa ba za su fito gaban baƙin maza ba.

Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wannan ya iya."

Gaskiya ne. Inna ba ta haifi mace ba, saboda haka ina yaro ni nake kama mata daka, ƙofa a kulle don kada abokaina su gani. Lokacin da yake kwance a bayanta yana jin daɗinsa, ni ne nake tsaye a ɗaya gefen turmin.

"Kai, Yaya? Wallah?" in ji shi. "Da gemun nan naka?"

Ni na jawo turmin daga ƙarƙashin bene, ni na sayo geron a wurin wani ɗan Nijar. Suka zo da wayoyinsu suka kafa abin ɗaukar murya a tsakar gida. Da farko hannun Inna ya yi sanyi, can sai jikinta ya tuna. Ta buga, na buga, ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, ni kuma ina cike mata gurbin har ta dawo. Da muka tsaya, samarin suka taso suna sumbatar kanta suna ce mata ya khala, wato gwaggo da Larabci. Ni abin da na samu shi ne, "Yaya, rage ƙarfi shwayya, kana danne ta." Na rage, muka sake.

Da waƙar ta fito ya turo mana ita a waya. Tana farawa da taɓarya biyu su kaɗai. Daga nan gangunansa su faɗo a kan bugun, jita ta shigo da gurnani kamar ana jan ƙofar ƙarfe a kan siminti, mawaƙin yana ihu da Larabci daga can cikin maƙogwaro. Ƙanena ya ce maganar mutum ce da aka haifa a gari, ya girma a garin, amma iƙamarsa, takardar izinin zama, tana ce masa baƙo. Ya ce lugude shi ne shaidarsa cewa yana da gida. Na ce masa ta yi kyau. Kuma ta yi kyau ɗin, wannan ne ya fi ci mini rai. Da ta lalace da na samu sauƙi.

Inna, wadda ko rediyo ba ta so a ƙure, ta riƙa kunna wa duk macen da ta shigo. "Autana ya sa ni a waƙa," haka take cewa.

Wata rana wata tsohuwa 'yar Chadi mai sayar da turare ta zo, ina bakin ƙofa ina gyara fanka. Ta kasa kunne ta ce, "Hajiya, ai taɓarya biyu nake ji. Wa ya kama miki? Hannun nan ya san aiki."

Na ajiye abin da ke hannuna.

Inna ta gyara mayafinta. "Wani ne a gidan nan," ta ce, ta shiga tambayar kuɗin turare.

Bayan baƙuwar ta tafi ta miƙo mini wayar ta gefe, idonta yana kan bango. "Wannan, maido mini ita farko. Wurin da babu hayaniya."

Na maido. Muka zauna muna ji, nata bugun da nawa, tana kaɗa yatsa a gwiwa. Na so wurin ya daɗe, amma gajere ne. Gangunan suka shigo, fuskarta ta washe, ta kira sunansa da ƙarfi alhali ba ya ma gidan.