Garinmu da ke cikin kwamfutar Haruna

Da safen nan ina ɗaure akuya a ƙofar gida maƙwabcina ya tsayar da babur ya ce mini Haruna mai bidiyo ya rasu.

Na ce masa ƙarya ne, ya koma ya tambayo da kyau. Bai ja da ni ba, ya dai sunkuyar da kai. Sai na ji igiyar ta sulluɓe daga hannuna.

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma. Ciwon ciki ne ya taso masa, aka tafi da shi Kaduna, can ya cika. Yaron da na girmi ubansa.

Ni ban yi boko ba, kowa ya sani. Shafin nan na sada zumunta ma shi ya buɗe mini, ya nuna mini inda zan danna in yi magana waya ta rubuta. In kun ga kuskure, na wayar ne.

Bayan 'yan bindiga sun tashe mu daga ƙauyenmu, can bayan Kutemeshi, muka dawo cikin Birnin Gwari muka raɓe. Wata rana na shiga shagon Haruna na bakin tasha cajin waya, don yana da sola. Yana gaban kwamfuta yana gyaran wani tsohon bidiyon biki. Na ɗaga ido, sai ga rumbuna a cikin bidiyon. Nawa na kaina, da karkatacciyar hularsa. Kafin in rufe baki marigayiya Asabe ta gifta da ƙwarya a ka, tana yi wa wata dariya.

Na ce, "Kai yaro, ina ka samo matata?"

Ya ce, "Baba, matarka ce? Bikin gidan Sarkin Noma ne, tun ina koyon aiki."

Ashe duk biki da sunan da aka taɓa kiransa ɗauka a garinmu, bai goge ko ɗaya ba.

Na ce ya haɗa mini su duka wuri guda, ni kuma in riƙa magana a kai: nan gonar wane, nan iyaka, nan rijiya, nan maƙabarta. Jikokina a gari aka haife su, a wurinsu masara daga buhu take fitowa. In Allah ya sa an koma, su san inda za su sa fartanya. In ba a koma ba, su san ba daga sama muka faɗo ba.

'Ya'yana suka ce wahalar da ɗan mutane nake yi. Su da ko hanyar gonar yanzu sai an yi musu kwatance.

Haruna bai ce haka ba. Kujera mai jingina ya samo mini, don ya lura benci na cin bayana.

To, daga nan fa abin ya soma nauyi. Fayil suke ce masa, wato jakar da aikin duka ke ciki. Kullum ina ƙara masa kaya, kullum yana kumbura. In muka yi aiki ya danna sebin, don a ajiye abin da muka yi kada ya ɓace, sai wani ɗan layi kore ya fito yana rarrafe kamar hawainiya. Kwamfutar ta kama huci kamar jakin da aka yi wa lodi ya iso hawa. Kuma ba a taɓa komai sai layin ya kai ƙarshe. Sai in je azahar in dawo in tarar da shi inda na bar shi.

Akwai ranar da hadari ya rufe rana, batir ya mutu layin na tsakiya. Duk maganar da na yi ranar ta tafi. Muka sake, na kuma tuno wasu abubuwan na ƙara.

Ya ce, "Baba, don girman Allah kada ka sake tuno komai."

A jiran layin nan muka saba. Ya sayo gyaɗa, ya zuba mini shayi mara sukari, ni kuma in buɗe masa cikina. Wanda ya ari gatarina bai mayar ba. Masu zuwa su ɗauki hotonmu su tafi ba a sake jin ɗuriyarsu. Bai taɓa ce mini "Baba ka yi haƙuri" ba, maganar da na fi tsana a duniya. Cewa yake, "To, sai aka yi yaya?"

Abu ɗaya muka yi ta ja da shi.

Ya ce, "Baba, maganin abin nan sananne ne. A raba shi kashi-kashi. Bukukuwa daban, gonaki daban, kowace unguwa da nata. Kafin ka kurɓi shayi ya ajiyu."

Na ce, "An riga an raba mu. Wasu na Funtuwa, wasu Zariya, wasu Kaduna, wasu na ƙarƙashin ƙasa. Nan cikin injinka kaɗai muka rage wuri guda. Ba za ka raba ba."

Ya ce, "To a rage kaya. Ga Tanko nan ya cinye wuri da rawa, a cire shi?"

Tanko shi ne maƙwabcin gonata, wanda ya ce ɗorawar kan iyaka tasa ce. Ba tasa ba ce. Haruna ya san ba ma gaisawa, tsokanata yake yi.

Na ce, "Bar shi. Jikokinsa su ga yadda kakansu ke rawa kamar an taka wutsiyar kwaɗo."

Ya ce kwaɗo ba shi da wutsiya. Na ce ya yi aikinsa.

Ganina da shi na ƙarshe, ranar muka sa sunayen mutanen maƙabarta, na kira su ɗaya bayan ɗaya har da Asabe. Ya danna, layin ya je tsakiya ya cije. Na ga yana dafe gefen cikinsa, na ɗauka yunwa ce.

Ya ce, "Baba, ranar da nake tsoro ita ce ranar da zai ƙi buɗewa gaba ɗaya. Garin naka duka zai tafi."

Na ce, "In ya tafi, ya tafi tare." Na ɗauki sandata. "In jakin naka ya iso, ka aiko."

Ya yi dariya ya ce, "Sarkin Ƙorafi, Allah ya ja zamaninka."

Haka na bar su, shi da layin.

Shi ya sa yau da na kama hanyar gidansa abu biyu ke cina. Shi, da kuma garin. Ya shiga injin ko bai shiga ba? Ko da na juya baya ya yanyanka shi don ya huta?

Bayan la'asar muka kai shi. Kafin ka ce me an gama an shafa fatiha. Layin nan nasa ya fi haka daɗewa. Tanko na kusa da ni a sahu, da za mu gangaro ya riƙe mini hannu, na bar shi ya riƙe. Maganar ɗorawa tana nan.

Muna zaune a zaure sai matarsa ta yi magana ta bayan labule.

"Baba yana nan?"

Na ce, "Ga ni, 'yata."

Ta miƙo wani ɗan baƙin akwati kamar sabulun wanka, irin wanda suke juye aiki a ciki. Ta ce, "Ranar nan bai dawo cin abinci ba sai da layin ya kai. Da za a sa shi a mota ya ce, ki ba Baba, ki ce ya shiga duka, ban raba ba."

Na sa hannu biyu na karɓa.

Akwatin na cikin aljihuna yanzu. Ban san ta inda ake buɗe shi ba. In akwai mai wannan sana'a da Allah ya ba haƙuri, ya neme ni mu ƙarasa. Sharaɗin ɗaya ne, kun kuma ji shi.

Allah ya jiƙan Haruna. Allah ya yalwata masa kabari, ya sauƙaƙa masa jira, ya raya abin da ya bari. Yadda ya tara mu wuri guda, Allah ya tara shi da nasa a Aljanna.

Duk wanda ya karanta ya buɗe baki ya yi masa addu'a. Kada ku danna mini ɗan yatsan nan na "layik" ku wuce, ba ya isa kabari.