Haruffan da Ake Gani daga Bencin Baya

A shekarar 1987 na fara sanin Ba-Zama, a ajin da nake koyar da buga tafireta. Ni na laƙaba masa sunan, domin bai taɓa cika minti biyar a kan kujera ba. A bencin baya yake, aikinsa kullum cike da kurakurai. Sai a mako na uku na lura yana ƙanƙance ido in ya dubi allo. Ban gaya wa kowa ba, don 'yan ajin bakinsu ba linzami. Na dai ƙara girman rubutuna, kowane harafi kamar tafin hannu, har ya gama karatu. Abin bai zo mini da sauƙi ba, mu da aka hore mu a makarantar mishan da ƙananan haruffa a kan layi.

Yanzu ya yi furfura, yana da tabarau da shagon gyaran kwamfuta, amma har yau a tsaye yake cin abinci.

Bara kwamfutata ta fara tsufa da gaske. A cikinta akwai littafin da nake rubutawa na tarihin makarantarmu, shafi ɗari uku da goma sha biyu, aikin shekara goma sha ɗaya. Ba-Zama ya ce zai ɗora sabuwar manhaja kusa da tsohuwar. Da na kunna, jerin zaɓi zai fito, in zaɓi wadda nake so. Littafin yana ɓangaren tsohuwar, ba abin da zai taɓa shi.

Akwatin kwamfutar kawai na kai masa, na bar sikirin, wato gilashin da ke nuna rubutu, a gida saboda nauyi. Ya haɗa shi da ƙaton sikirin shagonsa, waya a kunne, yana danna "ci gaba, ci gaba" ba tare da ya karanta ba.

A gida na kunna. Baƙi ƙirin, daƙiƙa biyar, sai sabuwar manhaja ta buɗe fayau, ba littafi. Na kashe na kunna sau goma sha tara. Wayarsa ba ta shiga. Sau uku na je shago, maƙwabcinsa tela yana cewa yanzun nan ya fita. Daga ɗaki in fita tsakar gida, daga tsakar gida in koma ɗaki.

"Malam, kai ne Ba-Zaman yanzu," in ji mai ɗakina. "Zauna kafin ka cinye mana siminti."

Rana ta biyar ya faɗo gidan yana haki.

"Baba Malam, kwantar da hankalinka, littafi na nan. Ni na yi shirme. Manhajar da ke ɗora sabuwar ta auna sikirina ne, ta yanka jerin zaɓin daidai da shi. Wannan kakan sikirin naka ba zai iya nunawa ba. Jerin yana fitowa a duhu, ya jira ka daƙiƙa biyar, ya zaɓi na sama."

A tsaye ya gyara wani layin rubutu a cikin kwamfutar. Jerin ya fito, haruffa kamar tururuwa a kan hoton tsaunuka. Na matso har hancina ya kusa taɓa gilashi.

"Ya yi," na ce. Kunya ta hana ni ƙari.

Ya dube ni. Sai ya jawo kujera ya zauna. Na duba agogo: minti arba'in bai motsa ba. Ya cire hoton, ya mai da rubutun fari a kan baƙi, ya ƙara masa girma, ya gwada, ya sake ƙarawa. Ya kashe ƙidayar daƙiƙoƙin, don jerin ya jira ni ko da awa ɗaya ce. Ya hau da tsohuwar manhajar saman jerin, ya canza mata suna: LITTAFIN MALAM.

Na danna. Shafi ɗari uku da goma sha biyu, ba wanda ya ɓace.

Ya tafi can bakin ƙofar ɗaki, ya cire tabarau, ya dubi sikirin.

"Daga bencin baya ma ana gani," ya ce.

Ni dai ban taɓa gaya masa don shi na ƙara girman rubutuna a allo ba. Kafin in buɗe baki, har ya kai ƙofar gida.